Dean Burk da "bitamin B17": wane ne shi, kuma ina maganarsa ta tsaya?

Wani mai karatu ya aiko da tambaya bayan an turo masa bidiyo ta WhatsApp. A bidiyon ana cewa wani babban masanin Amurka mai suna Dean Burk, wanda ya shafe shekaru a cibiyar binciken ciwon daji ta gwamnatin ƙasar, ya tabbatar da cewa sinadarin da ke cikin ƙwallon wani ɗan itace mai suna afirikot, wanda ake kira "bitamin B17" ko Laetrile, yana kashe ciwon daji, amma kamfanonin magunguna suka danne maganar. Yana son ya san ko an taɓa yin wannan mutum da gaske, ko iliminsa ya kai yadda ake faɗa, da kuma ko ya dace ya saya wa mahaifiyarsa da ke jinya wannan magani.

Malam, Allah ya ba Mama lafiya, ya sa kaffara ne. Dean Burk mutum ne da aka yi, iliminsa ba na bogi ba ne, muƙamin da aka ce ya riƙe ya riƙe shi, kuma gaskiya ne ya goyi bayan Laetrile da ƙarfinsa. Sai dai da aka gwada maganin a jikin masu ciwon daji bai warkar da kowa ba, kuma yana sakin guba a cikin jiki, don haka ba na ba ka shawarar sayensa. Tun da fannin da Burk ya yi fice a kai shi ne fannin da nake koyarwa, wato kimiyyar sinadaran halitta, zan ɗan tsawaita a kan rayuwarsa, domin a cikinta ne za ka ga yadda ƙwararren masani ke iya tsayawa kai da fata a kan abin da ba haka yake ba.

An haife shi ranar 21 ga Maris, 1904 a birnin Oakland na jihar Kalifoniya, a gidan ilimi, domin mahaifinsa Frederic Burk shi ne shugaban farko na kwalejin horon malamai ta San Francisco. Ya sami digirin digirgir a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1927, yana da shekara 23 kacal. Daga nan ya tafi Turai ƙaro ilimi, ya zauna a Landan wajen masanin aikin jiki A. V. Hill, ya kuma je Barlin inda ya san Otto Warburg, Bajamushen da ya karɓi kyautar Nobel a 1931. Wannan sanayya ita ce ta fi kowace tasiri a kansa har ƙarshen rayuwarsa.

A 1929 ya kama aiki da Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka, a ɗakin gwaje-gwajen da ke nazarin yadda wasu ƙwayoyin bakteriya na cikin ƙasa ke janyo sinadarin naitirojin daga iska su mayar da shi taki. Ruwan abincin da ya haɗa don renon bakteriyar Azotobacter har yau da sunansa ake kiran sa a ɗakunan gwaji. A wannan wuri ne, a 1934, shi da wani matashin abokin aikinsa, Hans Lineweaver, suka fitar da maƙalar da ta sa sunansa ya shiga kowane littafin koyar da wannan fanni. Enzayim shi ne furotin da ke hanzarta haɗuwa ko rabuwar sinadarai a jikin mai rai, kuma idan aka zana saurin aikinsa a kan takarda, layin lanƙwasa yake yi, abin da ke wahalar da mai son karanta iyakar saurin. Dabarar da suka kawo ita ce a juya lambobin duka ɓangarorin biyu, a raba ɗaya da kowace lamba, sai lanƙwasar ta miƙe ta zama layi ɗoɗar wanda ɗalibi zai iya ja da rula. Duk wanda ya karanta likitanci ko haɗa magunguna a Zariya, Kano, Sakkwato ko Yamai ya ja wannan layi a jarrabawa. Dabarar tana da aibi sananne, domin juya lambobi yana kumbura kuskuren ƙananan ma'aunai, kuma abin lura shi ne su kansu sun san da haka, har suka nemi taimakon masanin ƙididdiga W. Edwards Deming a kan yadda za a ba kowane ma'auni nauyin da ya dace da shi. Ka riƙe wannan, domin Burk na ƙuruciya mutum ne mai tsantseni da lambobi.

Yana kuma da hannu a gano wani bitamin na gaske. A 1933 shi da abokan aikinsa suka ba da labarin wani sinadari da bakteriyar da ke zaune a saiwar wake da gyaɗa ke buƙata kafin ta girma, kuma zuwa 1940 aka tabbatar cewa wannan sinadari shi ne biyotin, wanda wasu masana a Turai suka gano ta wasu hanyoyi da sunaye daban. A 1939 ya koma Cibiyar Ciwon Daji ta Ƙasa, wadda majalisar dokokin Amurka ta kafa a 1937, ya kuma zauna a can har ya yi ritaya a 1974 yana shugaban sashen nazarin sinadaran ƙwayoyin halitta. Masu yaɗa bidiyoyi kan ce yana cikin waɗanda suka kafa cibiyar, alhali abin da ya tabbata shi ne yana cikin ma'aikatanta na farko-farko.

Akwai wata taƙaddama da masu tallan Laetrile ba sa ambatawa, wadda a ganina ita ta fi bayyana halin mutumin. Tun a farkon shekarun 1920 Warburg ya auna yawan hasken da tsiro ke buƙata kafin ya fitar da ƙwayar iskar oksijin guda ɗaya, ya ce ɗigon haske huɗu ne. Wani tsohon ɗalibinsa Ba'amurke, Robert Emerson, ya sake aunawa da kyau, ya samu tsakanin takwas da sha biyu. A 1948 Emerson ya gayyaci malamin nasa zuwa Jami'ar Illinois don su yi gwajin tare su raba gardama, amma zaman bai haifar da komai ba, sai Warburg ya wuce garin Bethesda, inda Cibiyar Ciwon Daji take, wajen Burk, inda su biyun suka fitar da sakamakon da ke goyon bayan huɗu, daga baya ma suka ce ƙasa da haka. An ba Burk lambar yabo ta Hillebrand a 1952 a kan wannan aiki. Da aka gano a wajajen 1960 cewa tsiro yana amfani da haske a matakai biyu ne, lissafin ya fito fili cewa ba za a yi ƙasa da takwas ba, wato Emerson ke da gaskiya. Warburg ya rasu a 1970 bai sauka daga ra'ayinsa ba, Burk kuma ya kasance babban mai kare shi a Amurka, shi ne ma ya mayar da wasu rubuce-rubucensa a kan ciwon daji zuwa Ingilishi.

Ra'ayin Warburg a kan ciwon daji yana da ɓangaren da ya tabbata da wanda bai tabbata ba. Ya lura cewa ƙwayoyin ƙari suna zuƙar sukari fiye da kima suna mayar da shi sinadarin laktik ko da akwai oksijin, kuma wannan gaskiya ne, a kansa ne ma aka gina hoton asibiti na PET da ake neman inda ciwo ya bazu da shi. Amma ya zarce ya ce lalacewar numfashin ƙwayar halitta ita ce tushen duk ciwon daji, abin da binciken gadon halitta na shekarun 1970 zuwa yau ya nuna bai wadatar ba. Burk ya yi imani da wannan ra'ayi gaba ɗayansa, saboda haka duk maganin da aka ce yana kai hari ga wani rauni na musamman a sinadaran ƙwayar ƙari, kunnensa a buɗe yake gare shi.

Laetrile kuwa ba shi ya ƙirƙiro shi ba. Asalin sinadarin shi ne amigdalin, wanda wasu masana biyu Faransawa suka tace daga almon mai ɗaci a 1830. Wani likita a San Francisco, Ernst Krebs, da ɗansa mai suna iri ɗaya, su suka fara tallata shi a matsayin maganin ciwon daji a farkon shekarun 1950. Ɗan bai kammala makarantar likitanci ba, kuma laƙabin "dakta" da yake amfani da shi wata ƙaramar kwalejin addini ce a jihar Oklahoma ta ba shi. Bayaninsu shi ne cewa ƙwayar ƙari tana da enzayim mai fasa amigdalin ya saki gubar sayanayid a cikinta, alhali lafiyayyar ƙwaya tana da wani enzayim mai suna rodanis da ke kashe kaifin gubar. Bayanin yana da daɗin ji, sai dai da aka auna an samu cewa ƙari da lafiyayyen nama duka ɗan kaɗan suke da shi na enzayim mai fasawar, kuma babu wani bambancin kirki a tsakaninsu wajen rodanis. Tun a 1953 hukumar ciwon daji ta ƙungiyar likitocin Kalifoniya ta duba bayanan majinyata 44 da aka ba maganin, ba ta ga alamar ya taɓa ciwon ba. Sunan "bitamin B17" daga baya aka laƙaba masa, kuma amfaninsa ga masu sayarwa a fili yake, tun da dokar da ke kan abinci da bitamin ba ta kai ta magani tsauri ba. Bitamin dai abu ne da rashinsa ke jawo wata cuta sananniya wadda ke warkewa idan an mayar da shi, kuma babu cutar da rashin amigdalin ke jawowa. Abin da ke ba ni mamaki shi ne mutumin da ya taimaka wajen gano biyotin ya yarda ya yi amfani da wannan suna.

Abin da tafiyar Laetrile ta rasa shi ne masani mai takardu na gaske, kuma a ƙarshen shekarun 1960 ta same shi. Burk ya zuba amigdalin a kan ƙwayoyin ciwon daji a cikin kwanon gwaji, ya ce ya ga suna mutuwa kamar ƙudaje. Wannan ita ce maganar da ake ta maimaitawa, amma akan yanke sharaɗin da shi kansa ya faɗa, wato sai an zuba enzayim mai fasa sinadarin daga waje. Idan ka haɗa amigdalin da wannan enzayim a kwano ɗaya, sayanayid ka haɗa, kuma sayanayid ba ya tambayar ƙwaya ko ta ƙari ce ko lafiyayya. Kananzir ma zai kashe ƙwayoyin ciwon daji a kwano, amma ba wanda zai ɗura wa majinyaci shi. Aikin da gubar ke yi shi ne toshe enzayim na ƙarshe a jerin waɗanda ke sa ƙwayar halitta ta yi amfani da oksijin, wato dai enzayim ɗin da Warburg ya sami Nobel a kan nazarinsa, don haka ba za a ce Burk bai san haɗarin ba. Ƙwarewarsa ta auna numfashin ƙwayoyi ce a cikin kwalba, alhali tambayar ko magani yana tsawaita ran majinyaci ana amsa ta ne da wata hanya daban, ta bin mutane masu yawa na tsawon lokaci ana ƙirga abin da ya same su. Shi ba likita ba ne, bai kuma gudanar da irin wannan gwaji ba. Ya dai yi ta rubuta wasiƙu ga 'yan majalisa da shugabannin hukumomi yana zargin su da rufe ido, kuma cibiyar da yake wa aiki ba ta taɓa ɗaukar ra'ayinsa a matsayin nata ba.

Adalci ya sa in ce yana da wata hujja guda mai ƙarfi a lokacin, wato a gwada maganin a kan mutane a huta da gardama. Hukumomi sun daɗe suna jan ƙafa bisa dalilin cewa gwajin dabbobi bai nuna abin da zai sa a kai ga mutane ba, kuma wannan jinkiri ya ƙara wa masu zargi ƙarfi. Abin da ya faru a cibiyar binciken ciwon daji ta Sloan Kettering da ke New York ya ƙara dagula lamarin. Daga 1972 wani dattijon mai bincike da ake girmamawa, Kanematsu Sugiura, ya ba da rahoton cewa ɓerayen da ya yi wa allurar amigdalin ciwon bai cika bazuwa zuwa huhunsu ba. Wasu suka maimaita gwajin ba su ga haka ba, kuma da aka tsara shi yadda mai duba huhun bai san wane ɓera aka yi wa allurar magani ba, wane aka yi wa ta ruwan gishiri, bambancin bai tabbata ba. A 1977 cibiyar ta sanar cewa maganin ba ya aiki, wani ma'aikacin sashen hulɗa da jama'a mai suna Ralph Moss ya fito ya ce an ɓoye sakamakon Sugiura, aka sallame shi. Daga wannan rikici ne akasarin labarin "an danne gaskiya" ya samo asali. Ni abin da na ɗauka a ciki shi ne cibiyar ba ta iya bayani ga jama'a ba, amma sakamakon da ke ɓacewa da zarar an rufe wa mai dubawa ido ba abin dogaro ba ne, komai gaskiyar mai binciken.

A waɗannan shekaru maganar ta zama siyasa. An ƙiyasta cewa Amurkawa kusan 70,000 sun gwada Laetrile zuwa 1978, jihohi fiye da 20 suka halatta shi a cikin iyakokinsu, asibitocin kuɗi suka bunƙasa a Tijuana ta ƙasar Meziko, sannan a 1979 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar tantance magani ta shafi har majinyatan da aka fid da rai da su. A 1978 Cibiyar Ciwon Daji ta aika wasiƙu ga likitoci 385,000 da wasu ma'aikatan lafiya 70,000 tana roƙon duk wanda ya san majinyacin da Laetrile ya taimaka ya turo bayanansa. Guda 93 aka samu, 67 ne ke da cikakken bayanin da za a iya dubawa, kuma a cikinsu shida ne kwamitin ya ga alamar sauƙi, adadin da ba zai ba da damar yanke hukunci ba tun da zaɓaɓɓun labarai masu daɗi ne aka nema tun farko.

Daga nan aka yi gwajin da Burk ya daɗe yana nema. Dakta Charles Moertel na asibitin Mayo ya jagorance shi tare da wasu manyan cibiyoyi uku, aka ba majinyata 178 amigdalin ta jijiya sannan ta baki, a kan ma'aunin da masu harkar ke amfani da shi, haɗe da tsarin abinci da bitamin da enzayim ɗin da suke cewa dole ne a haɗa. Sakamakon ya fito a farkon 1982. Babu wanda ya warke, mutum ɗaya ne ƙarinsa ya ɗan ragu na 'yan makonni kafin ya ci gaba da girma, cikin wata uku ciwon kusan kashi 90 cikin 100 ya ƙaru, rabinsu kuma sun rasu kafin cikar wata biyar. Wasu sun nuna alamun gubar sayanayid, har aka samu waɗanda yawanta a jininsu ya kusa kai matakin kisa. Masana na ƙungiyar Cochrane, mai bitar binciken lafiya, sun sake tattara duk abin da aka wallafa, na baya-bayan nan a 2015, ba su sami ingantacciyar shaidar amfani ba.

Bayan ritayarsa Burk ya buɗe wani fagen. Shi da John Yiamouyiannis suka kwatanta manyan biranen Amurka goma da ke zuba sinadarin fuloraid a ruwan famfo don kare haƙora da wasu goma da ba sa zubawa, suka ce mace-macen ciwon daji sun fi hauhawa a rukunin farko. Masana ƙididdiga a Amurka da Birtaniya, ciki har da Richard Doll wanda ya yi suna wajen tabbatar da alaƙar taba da ciwon dajin huhu, suka nuna cewa a waɗannan shekaru mazauna biranen sun sauya, matasa sun fice zuwa unguwannin bayan gari, tsofaffi sun ƙaru, kuma da zarar an daidaita lissafin da shekaru da jinsi da launin fata, tazarar takan ɓace. Wannan irin gyaran nauyin lambobi ne ya nemi taimakon Deming a kansa a 1934. Ya rasu a birnin Washington ranar 6 ga Oktoba, 1988, yana da shekara 84.

Game da zancen cewa an ƙi maganin ne don daga tsiro yake kuma ba a cin riba da shi, tarihin cibiyar da Burk ya yi wa aiki bai goyi bayan haka ba. A shekarun da yake can ne cibiyar ta tace dubban tsirrai tana neman maganin ciwon daji, daga ciki aka samu Taxol a ɓawon wata bishiya ta yammacin Amurka, wanda aka amince da shi a 1992, ake kuma ba masu ciwon dajin mama da na ƙwan mace a yau. Maganin binkiristin da ake ba yara masu ciwon dajin jini daga wata fulawa ce 'yar asalin Madagaska, wadda ake shukawa don ado a harabar gidaje da ofisoshi har a garuruwanmu. Waɗannan sun bi ta irin gwajin da Laetrile ya bi, suka tsallake, kamfanoni kuma suka sami kuɗi mai yawa da su.

Dangin wannan guba ba baƙi ba ne a wurinmu. Rogo mai ɗaci yana ɗauke da linamarin, ɗan'uwan amigdalin, shi ya sa ake gurza shi, a jiƙa, a matse, a soya ko a shanya kafin ya zama garin kwaki, kuma inda yunwa ta sa mutane suka gajarta wannan aiki, kamar arewacin Mozambik a 1981, an samu annobar shanyewar ƙafafu da ake kira konzo. Makiyayi ma ya san abin da gyauron dawa ke yi wa saniya, kuma sinadari ne na wannan dangi ke kashe ta. Amigdalin da aka haɗiya ya fi na allura haɗari, domin bakteriyar hanji tana da enzayim ɗin da ke fasa shi, kuma shan bitamin C mai yawa tare da shi yana ƙara haɗarin. Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta yi gargaɗi a 2016 cewa cin fiye da ƙananan ƙwallayen afirikot uku a zama ɗaya na iya wuce iyakar da ba ta da haɗari ga babban mutum, ƙaramin yaro kuwa ko guda ɗaya na iya yi masa yawa. Majinyaciyar da ciwo ko magani ya riga ya raunana mata hanta da ƙoda ta fi kowa kusa da wannan iyaka.

Idan har wani daga cikin dangi ya riga ya fara ba Mama ƙwallayen ko ƙwayoyin, a dakatar, a kuma gaya wa likitanta sunan abin da yawan da ta sha, a tafi masa da kwalin idan yana nan. Ciwon kai mai tsanani, jiri, amai, ruɗewa ko numfashi sama-sama bayan shan sa alamu ne da ke buƙatar a kai ta asibiti nan take, domin akwai allurar da ke karya gubar idan an yi hanzari. A zuwanku na gaba kuma ka tambayi likitan matakin da ciwon ya kai, da ko manufar maganin da ake ba ta warkarwa ce ko rage ciwo da tsawaita kwana, da kuma abin da za a ba ta don zafi da rashin cin abinci.